Ruwan barkonon Baba

Shekarun baya, a wata shekara da damina ta yi mana rowa har gero ya bushe a tsaye, na dawo gida Sabon Birni hutu daga ƙasar waje. A can ina cikin masu aikin wata 'yar na'ura da ake dasawa a idon makaho, tana taɓa jijiyoyin gani da lantarki. Mahaifina kuwa dundumi ya fara masa tun ina ƙarami, ya yi ta ci har ganin ya tafi ɗungurungum.

Ni da shegen surutu a waya! Kafin in iso, unguwa duk ta ɗauka na taho wa Baba da ido. Kwana uku ina kewaye-kewaye, na kasa gaya masa gaskiya, ko tuwo ba ya wuce mini.

Rana ta huɗu da safe na bi shi bayan gida, inda yake lallaɓa 'yan barkononsa da ruwan da ake ɗebowa daga rijiya mai nisa. Na karɓi bokiti don in nuna ni ma ɗan manomi ne, na sheƙa.

"Kai! Mi kake yi haka?" in ji shi. "Ciyawa kake shayarwa ko barkono?"

Ya tsuguna, ya lalubo tushe da yatsa, ya tona ɗan rami, ya tsiyaya da buta kaɗan-kaɗan. Ko ɗigo bai kauce ba.

Nan bakina ya buɗe. Na ce, "Baba, aikinmu bai kai ba tukuna. Wutar watsuwa take yi kamar ruwan da na zuba, mu nufi jijiya ɗaya ta haɗa da maƙwabtanta. Haske kawai mutum ke gani, ba fuska ba. Ban zo maka da komai ba."

Sai ya fashe da dariya. "Wanga ne ya hana ka cin tuwo? To ku rage mana, ku matsa kusa da tushe."

"Da shi muke ta fama, Baba."

"Koma ka ci gaba. Ni na san hanyar gonata, na san ta masallaci. Wani uban za ya ga ɗansa."

Barkonon nan ya yi, har muka yi yaji da shi. Baba ya rasu bai ga gemuna ba, da hannu ya san shi, kuma raina a kwance yake. Har yau ina kan aikin. Duk lokacin da hannuna ya nufi ƙara wuta, sai in ji ana tambayata ko ciyawa nake shayarwa. Sai in yi murmushi, in rage.