Muryar da ke karanta wa auta aikinsa

Matso kusa ka ji, abin ba shi da tsawo. Labarin ƙanena ne, autanmu, da wani aiki da ya yi a zauren gidanmu nan Madarumfa, shekarar da idanunsa suka fara gazawa.

Ni ba mai fita ba ce. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, daga nan ina gida, ina matsar man gyaɗa, ina suyar ƙuli-ƙuli. Da yake kowa ya san ba a rasa ni, sai na zama wurin ajiye saƙo. Mai kamun kifi ya biyo daga tabki ya bar nasa, mai tafiya garin Ɗan Issa ta leƙo ta bar nata, in mutanen gida sun dawo in zayyana musu. Ban taɓa rubutawa ba, ban kuma taɓa ba wani saƙon wani ba.

Auta shi ya yi karatu. A ordinatar, wato kwamfuta, yake aiki, daga gida, tare da wasu mutane da ban taɓa gani ba. Yadda ya bayyana mini, su da yawa suke rubuta abu guda, kowa daga garinsa. Don kada su taka juna, akwai wata manhaja da ke riƙe tarihin rubutun: wa ya taɓa, yaushe, me ya cire, me ya ƙara. Ba ta da hoto ko ɗaya. Baƙin allo ne kawai, ka rubuta mata umarni ta ba ka amsa. Layin da aka cire ya fito ja, wanda aka ƙara ya fito kore. Aikin auta shi ne ya duba abin da sauran suka canza kafin a yarda da shi.

Likita a Maraɗi ya gaya masa ganin ba zai dawo ba. Ja da kore suka zame masa ɗaya, daga baya harafin ma ya ɓace. Sai ya sa wata murya da ke karanta masa abin da ke kan allo. Aikin da yake gamawa kafin azahar ya koma kai shi magariba, wani lokaci ya kwana. Masu aikin ba su yi masa rashin mutunci ba. Sun dai ce za su ga yadda abin zai kasance zuwa ƙarshen damina, in dubawar ta ci gaba da tsaida sauran, za su ba wani.

Murhuna yana bayan zauren, katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka duk abin da muryar ta faɗa ina ji. Da Faransanci take magana, ni kuwa ba na ji. Amma na lura kullum da abu ɗaya take farawa: wani dogon jero, harafi da lamba a cakuɗe, ba numfashi. Sai can ta faɗi wani abu kamar sunan mutum, ta sake zubowa. Auta ya tsaida ta, ya maida ta baya, ya sake maida ta. Ran nan na ƙirga sau tara a wuri ɗaya.

Da na kai masa fura na tambaye shi mene ne wannan da take farawa da shi. Ya ce lambar canjin ce, kowane canji da tasa. Mai ido tsallake ta yake yi, ya kai ga abin da yake nema, shi kuwa sai ya saurare ta duka. Alamomin da ke nuna an cire ko an ƙara ma, muryar wani lokaci ta faɗa, wani lokaci ta haɗiye.

Na ce, "Auta, wannan ƴar aiken taka ba ta iya saƙo ba. Wa ya aiko, shi ake fara faɗa. Sannan me ya ce. Ka gama na mutum ɗaya, ka yi shiru, kafin ka ɗauko na wani."

Ya ce, "Yaya, aji uku za ta koya wa manhaja aiki?"

Na ce aji ukun ba ta taɓa maimaita saƙo sau tara ba. Ya yi dariya, ya sha furarsa.

Ashe manhajar da ke riƙe tarihin a buɗe take, kowa na iya gyara ta ya aika wa masu kula da ita. Ya yi kwanaki yana gyara yadda take ba da amsa: sunan mai canjin a gaba, sannan a faɗa da baki "an cire" ko "an ƙara" a farkon kowane layi, lambar kuma ta koma ƙarshe. Ya aika. Suka maido masa da shi. Suka ce ya canza wa kowa da kowa, alhali akwai waɗanda aikinsu ya dogara da tsohon tsarin, in aka taɓa zai lalace musu. In yana so, ya bar na da yadda yake, ya yi nasa ya zama zaɓi, kalma ɗaya da mai buƙata zai ƙara a jikin umarnin.

Ransa ya ɓaci, ya ce su ba su san abin da yake ciki ba. Ni dai na ga gaskiyarsu. Mijin ƙanwata ba ya cin barkono, ban taɓa hana tukunyar gida yaji saboda shi ba, ɗibar masa nake gefe kafin in zuba. Haka na gaya masa. Ya ce yau kuma na koma bayansu.

Ya sake daga farko. A wannan karon ni ce mai gwaji. Ya kunna, ni ina juya ƙuli a mai, in ɗaga murya in ce an cire, an ƙara, an ƙara. Sautin kalmomin biyu na Faransanci kawai na riƙe. Wata rana na ce masa nan ta haɗe na mutum biyu ba ta tsaya ba. Ya musa. Ya bi a hankali, ya tarar wani ne ya yi canjin da ba cirewa ba ƙarawa, sunan takardar kawai ya sauya, shi kuma bai tanadi wannan ba. Ya gyara, bai yi mini godiya ba, ya dai aika aka sawo mini goro.

Masu kula da manhajar sun sa shi ya rubuta bayanin zaɓin, suka sa ya gajarta sunansa, suka sake sa shi wani gyaran da ban gane ba. Bai jira su ba, ya ci gaba da aiki da wadda ya gyara a ordinatarsa. Lokacin da masu amalanke na garin Safo suka fara wucewa da damman hatsi, ya koma tashi daga aiki da la'asar. Bai koma azahar ɗin da ba, amma ba wanda ke jiransa. Masu aikin ba su sake tada maganar ba. Amsar karɓar zaɓin sai bayan wata biyu ta zo, layi ɗaya, muryar ce ma ta karanta masa.

Har yanzu yana zauren, ganin kuma ya ƙara raguwa. Ya ce bai san ko akwai wani a duniya da ke ƙara kalmar nan ban da shi ba, ba a gaya wa mutum. Kai da kake karatu da idonka, in aka wayi gari sai an karanta maka aikinka, da me za ka so a fara?