Randar Inna da Hankakan Mahauta

A shekarun da garinmu yake amsa sunan Abuja tukuna, kafin a ɗauki sunan a ba sabon birni a bar mu da Suleja, sana'ata dillancin doya ce. Ina sayowa daga manoman Gwari ta wajen Garam, in haɗa su da masu motocin kudu. Kasuwa ta yi kyau a lokacin, sai na ga ya kamata in gyara gidanmu na unguwar Wambai. Na rushe guntuwar katangar da ta raba tsakar gida, na malale ƙasa da siminti, na gina madafi, aka kwashe randa da turmi aka kai can. Duk wanda ya shigo sai ya yaba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta riga ta fara mantuwa tun kafin wannan. Takan kira ni da sunan ƙanenta da ya rasu. Amma ba ta taɓa manta inda ta ajiye abu ba. Goronta a cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa yake, daddawa a wani rami na katanga, carbi a bayan turmi. Ko ido rufe za ta kai hannu ta ɗauko.

Bayan gyara sai ta rikice. Ta fito daga ɗakinta ta tsaya a tsakiyar siminti tana juyawa. Ta shiga ɗakin matata ta ce nata ne. Abinci ya ragu, magana ta ragu, sai "Ku kai ni gida" kawai. Wata rana maƙwabta suka tsinto ta a bakin titi, babu takalmi.

Yayata da ke aure a Madalla ta zo ta ga halin da ake ciki.

"Wannan ba tsufa ba ne, iska ce," in ji ta. "Akwai mai magani a ƙauyen mijina, a wurinsa za ta zauna."

"Yaya, can ɗaure su ake yi."

"To kai za ka bar doya ka zauna gadinta? Ran Juma'a zan zo da mota. In ba ta gyaru ba, da ita zan tafi."

Ita ce babba, kuma gaskiya ne ba zan iya gadi ba.

Rumfata ta kasuwa tana kallon layin mahauta. Akwai wani hankaka mai guntuwar ƙafa da ya saba da su. Idan ya sami kitse fiye da cikinsa, sai ya rarraba shi: wani a ƙarƙashin fasasshiyar tukunya, wani a jinkar rumfa, wani a gindin durom ɗin ruwan da ke gefena. Ya tura da baki, ya ja ganye ya rufe. Washegari zai sauka kai tsaye a wurin, babu lalube. Mahaucin da ke kusa da ni, abokina ne tun muna yara, yakan ce, "Dubi ɗan'uwanka dillali. Kansa kamar ƙwallon giginya, amma ya fi ka sanin inda kayansa suke."

A makon nan masu lodi suka matsar da durom ɗin gaba kaɗan don mota ta wuce. Da hantsi hankaka ya sauka, ya nufi gindin durom a sabon wurinsa, ya tona daidai gefen da ya saba. Babu komai. Ya zagaya, ya karkata kai, ya sake tonawa. Kitsen kuwa yana nan a tsohon wuri, taku kaɗan a bayansa, ganye a kai. Da warin abin yake bi, da ya same shi.

Na tashi na mirgina durom ɗin na mayar da shi kan shatinsa.

"Yanzu kuma ka zama yaron hankaka?" in ji mahaucin.

"Kai dai yi shiru ka gani."

Da tsuntsun ya dawo, bai yi wata-wata ba, ya cire kitsensa ya tashi. Nan na gane cewa wurin a cikin kansa yake ajiye, kuma da alamomi yake riƙe da shi. Daga baya wani ma'aikacin asibiti da ke sayen doya a wurina ya ce haka ne, akwai sashen ƙwaƙwalwa mai kula da wurare, a tsuntsu da mutum. Ni dai abin da idona ya gani na yi aiki da shi.

Da yamma na ɗauko magini. Ya fasa simintin da shi kansa ya zuba, yana ta mita. Muka zuba yashi, muka dasa randa inda take a da, turmi ya koma mazauninsa. Katangar kuwa, muka tayar da guntuwa iya ƙugu, da raminta. Matata ta ce mutane za su yi mana dariya. Sun kuwa yi.

Ran Juma'a yayata ta iso da mota. Muna gaisawa a tsakar gida Inna ta fito. Ta dafa katanga, ta bi ta har ƙarshe, ta juya dama, ta durƙusa a gindin randa ta sa hannu cikin yashi. Goron da matata ta binne mata da safe ta ciro, ta kakkaɓe, ta ɓare, ta miƙa wa yayata ɓari ɗaya.

"Baƙuwa, ga goro. Daga ina?"

Yayata ta karɓa, ta daɗe tana kallonsa a tafin hannunta. Sannan ta ce da ni, "Je ka sallami direban."

Inna ba ta sake gane sunan kowa ba, amma ba ta ƙara cewa a kai ta gida ba. A ɗakinta ta rasu bayan damina biyu. Randar tana nan a tsakiyar simintin, kuma har yau baƙi kan tambaye ni dalilin da ya sa muka bar ta a kan hanya.