Ranar da Kafinta Ya Hau Benen Majalisa

Maman 'Yan Biyu ta haye arba'in lokacin da ta lulluɓe keken ɗinkinta da zane, ta ce jami'a za ta, kimiyyar siyasa za ta karanta. Mijinta, Kafinta, ya ajiye zarto ya dube ta.

"Siyasa? Ke da ko taron ƙungiyar teloli sai an ja ki?"

"Ba takara zan yi ba, Malam. So nake in san inda maganar talaka ke zuwa ta mutu."

Bai gane ba, amma ya haɗa mata teburin karatu. 'Yan ajinta sa'o'in 'ya'yanta ne. Inna suke ce mata, tana ɗinke musu aljihu in ya yage, su kuma suna koya mata kwamfuta.

A shekara ta uku malaminsu ya ce kowa ya zaɓi abin da zai bincika shi kaɗai. Ta zaɓi tsohuwar kasuwarsu da aka tasa: wa ya yanke, a wane zama, wa aka tambaya. Ta bi rumfa-rumfa, ofis-ofis, har takalminta ya suɗe. Da majalisa ta nemi ɗalibai masu koyon aiki, binciken nan ne ya shigar da ita.

Wata rana Kafinta ya yi saurin zuwa ɗaukarta, mai gadi ya ce ya hau bene wurin 'yan kallo ya jira. Katakon zauren ya fara ɗauke masa hankali, ya shafa, ya jinjina kai. Sai ya hango ta can ƙasa, zaune bayan shugaban kwamiti. Ana ta gardama kan tashin wata kasuwar. Ta sunkuya ta yi wa shugaban raɗa. Mutumin ya ɗaga hannu, zauren ya yi tsit.

"Ba za mu yanke ba sai mun ji ta bakin masu rumfunan," in ji shi. "A gayyato su."

Kafinta ya waiga. Ya taɓo na kusa da shi. "Bawan Allah, ka ga waccan? Matata ce fa."

A kan babur, da suka kusa gida, ya tambaye ta. "Wai me kika ce masa?"

"Cewa na yi ba a tambaye su ba. Malam, kula da ramin nan."

Ranar da masu rumfunan suka zo, har da masu goyo, benen ya cika maƙil. Kafinta ya rufe shago ya dawo, a tsaye ya yi kallon har aka tashi.