Uban da Aka Rubuta wa Zakiyya

Duk wanda ya taɓa kai mota gyara a Mantiƙa Sinaiya, unguwar makanikai ta Khartum, layin masu radiyeta, ya san Zakiyya mai shayi, ko da bai san sunanta ba. Ita ce ke zama a gindin darbejiya da kwalabenta na citta da kirfa da na'ana'a a jere, ga 'yan kujerun igiya da ake kira bambar kewaye da ita. Ba ta da yawan magana. Sau ɗaya mutum zai gaya mata yadda yake son shayinsa, ko bayan shekara ya dawo haka za ta miƙo masa.

Kakanta daga Haɗeja ya fito da ƙafa da niyyar Makka, ya tsaya a yankin Jazira na Sudan ya yi aikin auduga don ya tara guzuri, bai tashi ba har Allah ya karɓi abinsa. Ya bar 'ya'ya maza biyu, Almahdi da Abdullah. Almahdi ne ya haifi Zakiyya. Abdullah kuwa Allah bai ba shi haihuwa ba, saboda haka ranar da aka yaye ta, Almahdi ya ɗauke ta ya haye gada zuwa Omdurman, ya ajiye ta a cinyar matar ƙaninsa ya ce, "Ga taku." Daga ranar bai sake kiran ta 'yarsa a gaban mutane ba. A gidan Baffa Abdullah ta koyi salla, a nan ta yi jinyar matarsa shekara bakwai, abin da ya sa ma ba ta yi aure da wuri ba.

Mijin da Allah ya ba ta ɗan Azare ne, Malam Ibrahimu, wanda karatu ya kawo Khartum. Yana koya wa 'ya'yan yayanta Ɗahiru Alƙur'ani a Kalakla, a nan ya gan ta. Aka ɗaura aure, Ɗahiru ya ba su ɗaki a gidansa. Shekara ɗaya da rabi suka yi, sai mahaifin Malam ya rasu, ya tafi gida da niyyar kwana arba'in. Yana can korona ta shigo aka rufe hanya. Kafin a buɗe, iƙamarsa ta ɗalibi, wato takardar zamansa a Sudan, ta mutu, karatun kuma dama ya kammala.

Aka ci shekara, aka shiga ta biyu. Wata Juma'a bayan cin abinci Ɗahiru ya kira ta tsakar gida.

"Zakiyya, mutanen unguwa sun fara tambayata, ƙanwarka matar aure ce ko matar waya?"

"Yaya, takarda ce ta riƙe shi."

"Takarda ba ta riƙe mai son zuwa. Ni dai na gaya miki, idan aka ga watan azumi bai zo ba, zan kai ki gaban alƙali a raba. Kalas, na gama magana."

Wata huɗu ya rage a lokacin.

Kuskurenta na farko shi ne da ta yi maganar a gindin darbejiya. Hisham mai garejin da ke kallon ta ya ajiye kofi ya ce abin ai mai sauƙi ne.

"Ni zan rubuta shi a matsayin ma'aikacina, makanike. Bizar aiki, ba ruwanki da kowa."

Tariq direban bas ya kwashe da dariya. "Ya zol, mutumina, malamin allo za ka mai da makanike? Ki nema masa ta ziyara, Zakiyya. Ita ce mai sauri. In ya shigo, sai a san yadda za a yi."

"In ya shigo wata ɗaya ya cika fa?" in ji Hisham. "Ya koma, ko ya ɓuya a bayan tukunyar shayi?"

Wani mai sayar da batir ya ce a sake mai da shi ɗalibi kawai, ilimi ai ba ya ƙarewa. Tsoho Uthman mai gadi, wanda duk suka ɗauka barci yake yi, ya buɗe ido ya ce shi bai ga abin wahala ba, mutum ya biyo ta Chadi kamar yadda iyayenmu suka biyo, wa ya tambaye su hoto? Kowa ya rubuta mata tasa hanyar a bayan takardar garejin Hisham, ban da Uthman da bai iya rubutu ba. Ta naɗe su ta zuba a gwangwanin shayin da ya ƙare.

Da la'asar ta kira Malam ta karanta masa su ɗaya bayan ɗaya.

"Makanike?" ya ce. "Ni da ban san inda ake zuba wa mota ruwa ba? In suka ce in rantse fa?"

"To ta ziyara."

"In zo gidana ziyara?"

"To wacce kake so, Malam?"

"Ke ce a can, ke kike ganin su. Wadda kika zaɓa ita ce tawa."

Wannan magana ita ta fi komai yi mata nauyi. Ta yi istihara kwana uku, ba ta ga komai ba sai ta ga tana wanke kofuna. A rana ta huɗu ta rufe kayan shayinta da buhu, ta ɗaura tob ɗinta mai kyau, wato lafayar matan Sudan, ta tafi ofishin da ake yi wa baƙi takardu.

Layi uku ta tarar. Ta bi na farko har ta kai taga, aka ce mata wannan na kamfanoni ne. Ta bi na biyu, tana dab da kaiwa aka ce na'ura ta tsaya, a dawo gobe. Gobe aka rufe gadoji saboda zanga-zanga, motar Kalakla ma ba ta shigo gari ba. Jibi ta koma ta sake tsayawa a na kamfanoni, don wani mai rubuta wa mutane takarda a bakin ƙofa ya rantse mata nan ne. Wata ma'aikaciya mai farin tabarau ta gane ta, ta yafito ta da biro.

"Ke ba jiya-jiya na gan ki ba? Kamfani gare ki?"

Zakiyya ta buɗe gwangwanin ta zazzage takardun a gabanta. Matar ta duba su, ta dube ta.

"Mutumin nan, mijinki ne ko ba mijinki ba?"

"Mijina ne."

"Ke 'yar ƙasa ce?"

"A Jazira aka haifi ubana."

"To me ya kai ki neman masa aikin gareji? Ki nema masa a matsayin mijinki. Tana ɗaukar lokaci, amma in ya zo ya zo. Kawo katinki na 'yar ƙasa da gasima."

Gasima ita ce takardar da ma'azun, malamin da hukuma ta ba izinin ɗaura aure, yake rubutawa ranar ɗaurin aure. Zakiyya ta fito tana jin kamar an sauke mata tulu daga ka. Duk masu shan shayin nan babu wanda ya tuna cewa miji ma hanya ce. Washegari ta kawo takardun biyu a cikin leda. Matar ta ajiye su gefe da gefe, ta bi su da yatsa, sai yatsan ya tsaya.

"Wace ce Zakiyya Abdullah?"

"Ni ce."

"Wace ce kuma Zakiyya Almahdi?"

"Ni ce."

"Uba biyu gare ki?"

Zakiyya ta buɗe baki za ta ce e, ta ga ba daidai ba ne, za ta ce a'a, ta ga shi ma ba daidai ba ne. 

Ga yadda abin ya faru. Ranar ɗaurin auren, a masallacin Kalakla, Almahdi yana da rai, yana zaune a sahun baya. A wajenmu uba ba ya fitowa ya aurar da 'yarsa da bakinsa alhali ga ɗan'uwansa, balle 'yar da ya riga ya bayar. Da ma'azun ya ce, "Ina uban yarinya?" sai Almahdi ya sunkuyar da kai yana jan carbi, jama'a suka nuna Baffa Abdullah. Ma'azun ɗin tsoho ne, ya san kowa, yana ganin neman kati a hannun mutanen da yake salla da su rashin kunya ne. Ya rubuta abin da ya ji, Zakiyya Abdullah, alhali sunan Almahdi ne a katinta. Kowa ya shafa fatiha, aka raba dabino, aka naɗe gasima aka sa a ƙasan akwati. Babu wanda ya sake buɗe ta. Yanzu Almahdi ya rasu, ma'azun ya rasu.

"A wajenmu," in ji ma'aikaciyar, "wadda ke kan katin nan ba ta da aure, wadda ke da aure kuma ba ta da kati. Sai kotu ta gyara. Ki zo da shi Abdullah ɗin ya faɗa da bakinsa cewa ba shi ya haife ki ba, da shaidu biyu da suka halarci auren."

Sau biyu Zakiyya tana hayewa Omdurman don ta gaya wa Baffa. Zuwan farko ta tarar da shi a kan gadonsa na igiya a inuwa, ya ce, "'Yata ta zo," ya sa aka sayo mata kifi. Ta share masa ɗaki, ta wanke masa jallabiya, ta dawo. Zuwa na biyu ta kai har "Baffa, dama akwai wata takarda," ya ce, "Ta me, uwata?" ta ce ta asibiti ce, ta manta ta a gida. A motar dawowa ta yi ta istigfari saboda ƙaryar.

Ta koma kan gwangwaninta. Ta ce wa Hisham ko a yi ta garejin ne, ya ce yanzu kuma an ce sai an ga shaidar sana'a. Ta ce wa Tariq ko ta ziyarar, ya ce shi fa ji ya yi, bai taɓa yi ba. Ranar nan ta zuba wa mutum biyu gishirin da take ajiyewa don wake a madadin sukari, ita da ba ta taɓa kuskuren kofi ba. Rajab ya wuce.

Dole ta gaya wa Ɗahiru. Ya karɓi takardun ya jujjuya, fuskarsa ta washe.

"Ashe ma a takarda ba ki da aure! To magana ta ƙare."

Ya yi taku uku zuwa ƙofa, ya tsaya, ya dawo.

"Tsaya. In ba ki da aure, me alƙali zai raba?"

"Ni ma ban sani ba, Yaya."

"Amma kina da aure. Ina wurin. Ni na raba dabino."

Ya zauna a kan turmi ya riƙe kai. Daga baya ya je ya tambayi wani da ya san kotu, aka ce masa ko rabuwa yake so, sai an fara gyara gasimar. Shi ke nan, mai son a raba da mai son a zauna suka zama takarda ɗaya suke nema. Ɗahiru ne ya haye Omdurman ya faɗa wa Baffa abin da ita ta kasa faɗa. Abin da suka yi a can bai gaya wa kowa ba, amma ya dawo idonsa ja.

Ranar kotu Baffa Abdullah ya zo da farar jallabiya da rawani kamar mai zuwa idi. Bai dubi Zakiyya ba. Alƙalin, wani mai ƙananan shekaru, ya tambaye shi, "Ya Hajj, kai ne mahaifin wannan?"

"A hannuna ta fara azumi."

"Ba shi na tambaya ba."

"Ni na aurar da ita."

"Ya Hajj, wa ya haife ta?"

Baffa ya dubi sandarsa. Sannan ya ce, "Wana ne, Almahdi, Allah ya jiƙansa. Shekara talatin da uku bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba. Yau ka sa na faɗa, sai ka rubuta da kyau, don ba zan maimaita ba."

Zakiyya ta ja tob ta rufe fuska. Aka kira shaidu, Ɗahiru da wani maƙwabci. Ɗahiru ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya rantse cewa wannan ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma matar Ibrahimu ɗan Azare ce, aure sahihi, yana nan daram. Alƙali ya ce, "Yana nan daram?" Ya ce, "Daram."

A bakin kotu Baffa ya tsaya yana neman takalminsa da ƙafa, ya ce, "Ɗahiru, yaushe za ka dawo a raba?"

"Baffa, wurin mutumin da na rantse wa yanzu?"

"Tambaya na yi."

Aka ga watan azumi Malam bai zo ba, takardu suna ofis. Ɗahiru ya sha ruwa ya tafi tarawihi, bai sake tayar da maganar raba aure ba, har wata ya ƙare. Sai ƙarshen Shawwal Malam Ibrahimu ya sauka, ya rame, da jakarsa guda. Ɗahiru da kansa ya ɗauko shi. Bayan mako biyu ana kai da kawo, aka buga masa iƙama a fasfo, suka dawo gida da azahar, Zakiyya ta kawo musu ruwa. Ɗahiru ya buɗe fasfon yana nuna wa Malam da yatsa.

"Ka ga nan? Shekara ɗaya ce. Ka sabunta ta kafin ta mutu, don wallahi ni ba zan sake rantsuwa ba."

Zakiyya ta tsaya da kofi a hannu.

"Shekara ɗaya, Yaya? Matar ofis ba ta ce in ya zo ya zo ba?"

"Ya zo mana. Ba ga shi ba?"

Ta dubi Malam, Malam ya dubi fasfo. Ta miƙa masa ruwan ta ce, "To baɗi wane layi za mu bi?"