Karkataccen Yatsan Man-deok

Duk wanda ya saba bi ta bakin tashar jiragen kamun kifi ta Tongyeong da hantsi ya san Ok Man-deok, ko da bai san sunansa ba. Shi ne tsohon nan da ke zama a kan kifaffen akwatin kifi, taru shimfiɗe a cinyarsa, yana ɗinki ba ya ɗago kai. Idan ka lura da hannunsa na dama, za ka ga yatsan tsakiya ya karkace, yana kallon wani wajen daban. Ba taru ne ya yi masa haka ba, ba kuma teku ba.

Ban da ɗinkin taru, abu ɗaya Man-deok ya riƙe a rayuwarsa, wato ƙwallon asubar Lahadi. Dattawan unguwa ne ke haɗuwa a filin makarantar firamare kafin rana ta fito: direban tasi, mai kantin magani, masunta biyu da gwiwoyinsu suka gaji da jirgi, da sauran masu tumbi. Man-deok ne golansu tun gashin kansa yana baƙi. Shugaban ƙungiyar shi ne Bang Chun-sik, mai injin casar shinkafa, wanda ya riga Man-deok zuwa duniya da 'yan makonni kawai. Amma sabuwar shekara ta gifta a tsakanin haihuwarsu, don haka a ƙidayarmu Chun-sik ya girme shi da shekara guda, ya zama Yaya, kuma Yaya ya zauna har tsufa. Shi ake fara zuba wa giyar shinkafa bayan wasa, shi ke buga fenariti ko da ƙafarsa na ciwo.

A bayan ragar Man-deok jikansa Gyu-tak ya girma. Uban yana can a jiragen da ke yin watanni a teku, uwar tana aiki a kamfanin gyaran kifi, saboda haka tsohon ke goya shi a keke zuwa fili. Yaro ya fara da tsinto ƙwallon da ya fita, ya ƙare da abin da ya sa wasu baƙi suka zo gasar yara suka kasa ɗauke ido daga kansa. Yana shekara goma sha uku wata babbar ƙungiya ta Sifaniya ta ɗauke shi. 'Yan kasuwa suka rataya ƙyalle mai ɗauke da sunansa a bakin ƙofar kasuwa, ya daɗe a wurin har iskar teku ta cinye launinsa.

Shekaru kaɗan bayan haka labari ya zo. Hukumar ƙwallo ta duniya ta ce ƙungiyar ta karya doka, ta kwaso yara daga ƙasashen waje ba su kai shekara sha takwas ba. Aka hana ta sayen sababbin 'yan wasa na wani lokaci. Wannan bai dami kowa a Tongyeong ba, ƙungiya mai kuɗi ai ba ta mutuwa. Abin da ya taɓa gidan Ok shi ne ɗaya rabin hukuncin: yaran da aka kwaso ba za su sake buga wasa ba sai sun cika sha takwas. Da farko an bar Gyu-tak yana atisaye, ranar wasa ya zauna cikin 'yan kallo. Daga baya atisayen ma aka ce a'a. Sai ya dawo gida da jaka ɗaya, ya fi kakansa tsawo, ba ya son magana. Ƙungiyar ta ce masa ya jira, gurbinsa na nan, amma idan ya yi rajista da wata ƙungiya a gida to sun rabu ke nan.

Man-deok ya tambayi surukarsa abu ɗaya, ko zuwa yaushe ne. Ta ce sai ya cika sha takwas. Tsohon ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba. Yaro yana sha bakwai, sabuwar shekara saura 'yan watanni, a kan wannan ne ake ta zaman makoki? Uwar Gyu-tak ta dubi fuskarsa, ta bar shi da lissafinsa.

A wajenmu, a lokacin, jariri yakan faɗo duniya da shekara ɗaya a hannunsa, kuma kowa yakan ƙara ɗaya a sabuwar shekara, ranar da aka sha romon tokguk mai yankakken dunƙulen shinkafa. Shi ya sa ake tsokanar yara da tambayar kwano nawa suka sha. Man-deok bai taɓa jin cewa akwai wata ƙidaya a duniya ban da wannan ba, ko kuma ya ji bai ɗauke ta da muhimmanci ba.

Ya shirya wa ranar kamar biki. Ya sayi takalmin ƙwallo sabo, ya gayyaci dattawan ƙungiya, ya sa aka dafa romo a babbar tukunya. Duk kasuwa ta ji daga bakinsa cewa jikansa zai koma Sifaniya bayan biki. Mai kantin magani ya san gaskiya. Direban tasi ma ya sani, don yana sauraron rediyo. Amma dukansu ƙannensa ne, kuma ƙane ba ya gyara wa babba lissafi. Chun-sik kaɗai ke da ikon yi, shi kuwa bai sani ba.

Gyu-tak ya durƙusa ya kai goshi ƙasa ya yi wa kakansa gaisuwar shekara. Aka ajiye masa kwano, ya shanye a hankali kowa na kallonsa. Man-deok ya tura masa akwatin takalmin.

"To, ka cika sha takwas. Tashi ka buga musu waya."

Yaron bai taɓa akwatin ba. Ya ce, "Kaka, su ba sa ƙirga kwano."

Sai ya yi bayani, idonsa a kan tabarma. Su daga ranar haihuwa suke farawa, kuma daga babu. Shi kuwa a ƙarshen watan sha biyu aka haife shi, ya sha kwanonsa na biyu tun bai iya ɗaga kai ba. A ƙidayarsu bai daɗe da cika sha shida ba. Saura kusan shekara biyu.

Man-deok ya bi fuskokin ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a cikin romonsa. Chun-sik ne ya gyara murya, ya ce shekara biyu ba a buga wasa ba, ƙafa takan mutu, gara a haƙura a sa yaro a ƙungiyar wata makaranta, ko ma ya kama karatu. Ba kowa ake haifa don Turai ba.

Man-deok ya tambayi jikansa abin da aka hana shi takamaimai. Yaron ya ce duk wasan da ke da rajista.

"Yaya, wasanmu na Lahadi yana da rajista?"

Chun-sik ya ce wace irin rajista, su da ko alƙalin wasa ba su da shi.

"To su riƙe ƙidayarsu. Lahadi tamu ce."

Haka ɗan wasan da aka rataya wa ƙyalle a kasuwa ya zama autan ƙungiyar tsofaffi. Kuma ya yi autancin yadda ya kamata. Shi ke riga kowa zuwa ya ja layin fili da farar ƙasa, shi ke ɗauko ruwa, shi ke zuba wa manya giya da hannu biyu bayan wasa. A cikin fili, in ƙwallo ya zo masa, sai ya miƙa wa babba a hankali daidai ƙafarsa, kamar mai miƙa shayi. In ya ga dattijo ya taso masa, sai ya rage gudu don kada a ji kunya. Ranar da kafaɗarsa ta taɓa ta mai kantin magani, tsayawa ya yi ya sunkuya ya ba da haƙuri, ƙwallo na can yana tafiyarsa. Kowa ya yaba. Suka ce Turai ba ta ɓata yaron ba.

Man-deok na cikin raga yana kallo, bai yaba ba. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo, ya ga abin da ba wanda ya gani. Yaron ya daina waigen nan da yake yi kafin ƙwallo ya iso shi. Ya fara jiran ƙwallo maimakon ya tare shi. Wata Lahadi ya sami raga a buɗe, ya tsaya neman Shugaba don ya ba shi ya ci. Mutanen nesa sun ce yaron ya yi ƙanƙanta da wasa, na gida ma ashe abin da suke faɗa masa ke nan, sai dai su da murmushi.

Lahadin da ta biyo baya, da aka zo raba 'yan wasa, Man-deok ya ɗauki safar hannunsa ya taka zuwa ɗaya ragar, wadda jikansa zai riƙa kai wa hari. Chun-sik, wanda shi ma a wannan ɓangaren yake, ya ce masa ya yi ɓatan kai ne, ragarsa ga ta can.

"Chun-sik, koma baya ka tsare gida."

Ba Yaya, ba Shugaba. Direban tasi da ke ɗaure takalmi ya tsaya da igiya a hannu. Fuskar Chun-sik ta yi ja, ya tambaya ko da wa ake.

"Da kai. Daga wannan farin layin zuwa wancan ba mai shekaru. In mun fita ka karɓi abinka."

Chun-sik ya ce lallai tsufa ya fara taɓa kan wani, kuma za a yi maganar bayan wasa. Aka take ƙwallo a haka, kowa fuska a ɗaure.

Gyu-tak ya ji duk abin da aka faɗa, amma ƙafarsa ba ta ji ba. Ƙwallon farko da ya shigo da shi kusa da raga, ya rage gudu yana neman wanda zai ba. Man-deok ya fito daga raga da duk nauyinsa, ya kwashe ƙwallo da yaro gaba ɗaya. Gyu-tak ya faɗi, gwiwarsa ta goge a tsakuwa har jini ya fito. Ya ɗago yana jiran hannu. Tsohon bai miƙa ba.

"An ce min a Sifaniya ka yi shekaru. Wanke-wanke ka je yi musu?"

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Yaron ya tashi da kansa, bai kakkaɓe wandonsa ba.

Abin da ya biyo baya, har yau kowa da yadda yake ba da shi. Abin da aka yarda a kai shi ne Gyu-tak ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, ya waiga kafin ya iso shi. Ya wuce masunta biyu kamar turaku. Mai kantin magani ya miƙa ƙafa inda ƙwallon yake ɗazu. Saura Chun-sik, ya buɗe ƙafafu ya tsaya da dukan girmansa, sai ƙwallon ya bi ta tsakaninsu, Shugaba ya juya zai bi, ya zauna daɓas a ƙasa. Yaron bai tsaya ba da haƙuri ba. Ya ɗaga kai ya dubi kakansa, ya buga.

Man-deok ya kai hannu. Ya ma taɓa ƙwallon, wannan kam yana so a riƙa faɗa. Ƙwallon ya tanƙware yatsan, ya shige raga.

Gyu-tak ya rugo a firgice, yana kiran Kaka. Tsohon ya ɓoye hannun a hammata, ya ce masa ya koma tsakiya, ba a tashi ba. Sai kowa ya juya wajen Chun-sik, wanda har lokacin yana zaune a ƙasa yana numfashi. Ya dubi yaron, sannan ya ce wa mai kantin magani daga yau mutum uku za su riƙa tsare shi, kuma duk wanda ya ji tausayinsa shi zai sayi giya. Ya ƙara da cewa yana da ɗan ƙanwa a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, samarin can suna da ƙungiya, ƙarti ne marasa kunya, su ma ba su da rajista. Zai kira su.

Ya kira su kuwa. Bayan su aka samu ta 'yan kwana-kwana, da ta masu dakon kifi. Likita ya ɗaure yatsan ya ce a huta da taru da raga, Man-deok ya huta da taru. Shi ya sa ya warke a karkace.

Gyu-tak ya tafi a ƙarshen watan sha biyu na shekara ta biyu, washegarin ranar da mutanen can suka yarda ya girma. Ya tafi da tabo a ƙwauri duka biyu da takalmi na uku, na farkon ya daɗe da yagewa. Abin da ya zama a can, masu rediyo sun fi sani. Da sabuwar shekara ta zo, uwarsa ta kawo wa tsohon romo, ya ce ta zuba kwano biyu. Ta ce ai yaron ba ya nan, kuma can ba sa ƙirgawa. Man-deok ya jawo kwano na biyun gabansa, ya ce shi yana ƙirgawa.

Chun-sik har yanzu Yaya ne a kasuwa da wajen shan giya. A cikin layin fili kuwa, sai dai ya yi haƙuri.