Layi Huɗu Cikin Shida

Ƙamshin doyar da ake soyawa a bayan katanga ne ya cika ajinmu ranar da malamin darasin gwamnati ya mayar da mu ƙasa guda. Makarantar tana bakin Sabon Gari. Malam ya ce layukan kujerunmu shida su ne jihohi. Kowane layi ya ba da sanata ɗaya, aka ware alƙalai uku, saura shugabar ƙasa, wadda za ta riƙe ajin har ƙarshen zango.

Mu uku muka tsaya, ciki har da ni da ƙawata. Kirista ce, mahaifinta yana sayar da kayan gyaran mota, kuma Hausarta ta fi tawa kaifi. Ita kaɗai nake nuna wa waƙoƙin da nake rubutawa a bayan littafin lissafi.

Ban nemi ƙuri'ar kowa ba. Layuka ukun da ke gefen taga duk 'yan Fagge ne, tare muke tahowa da safe. Ita kuwa ta bi kujera-kujera tana zolayar mutane.

Na fi kowa ƙuri'a. Har na fara gyara hijabina, sai Malam ya ce, "Dakata. Yawa kaɗai ba ya ba da mulkin tarayya. Sai kin samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a layi huɗu cikin shida. Ke a uku kika samu."

Aka sake zaɓe tsakanina da ƙawata, ta lashe.

"Ranki ya daɗe," na ce mata a bakin famfo.

"Ke dalla can, riƙe min jaka in wanke fuska," ta ce tana dariya.

Ban riƙe ba.

Doka ta ce shugaba ta miƙa sunayen ministoci ga sanatoci, su amince ko su ƙi. Suka zauna su kaɗai a ɗakin karatu. Ranar Juma'a aka karanto sunayen, babu nawa. Ta waiwayo ta dube ni, na dubi taga.

Daga nan komai nata ya riƙa sukata: yadda take riƙe alli, yadda malamai ke ce mata Shugaba, har dariyarta da a da nake so. Na rubuta waƙa a kan wata fitila da ta manta wanda ya kunna ta, ban nuna wa kowa ba. Sau biyu ta tare ni a hanya ta ce, "Tsaya ki ji," na ce ina sauri. Da muka gama makaranta iyayenta suka koma kudu, ba mu yi sallama ba.

Bayan shekaru, a wajen wani suna a Rijiyar Lemo, na haɗu da ɗaya daga cikin sanatocinmu na Fagge. Tana ba ɗanta nono tana dariya ta gaya min cewa sunana ne na farko a takardar, ministar ilimi. Sau biyu ƙawata ta aiko da shi. Su ukun 'yan Fagge suka jawo wata sanata ɗaya suka ƙi amincewa, wai don kada in yi aiki a ƙarƙashinta.