Idon Hagu na Ɗan Farina

Bazara ce, mai zafin da ko ganye ba ya motsi. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke gero bai ƙosa ba, rumbuna suka yi ƙasa tun da wuri. Mutanen wajen Maradi suna ta ƙetarowa Jibiya da jakai neman hatsi, mu ma ba mu da shi. Shekarar nan kowa a hankali yake magana.

Ɗan farina yana ɗakin Inna, uwar mijina, tun da aka yaye shi. Haka ake yi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Na iya wannan kunyar ƙwarai, har ana yabona. Ko yanzu da na koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci, hannuna ƙin rubuta sunan yake. Amma ina satar kallonsa.

A satar kallon ne na gani. Ina surfe da yamma, ya tsaya a bakin ƙofa, rana ta bugi fuskarsa, sai ƙwayar idonsa na hagu ta yi wani fari mai sheƙi kamar idon kyanwa a cikin rumbu. Yana juyawa abin ya ɓace. Kwana da kwanaki ina gani. To wa zan faɗa wa? In na ce na gani, ai na tona cewa ina kallonsa.

Daga baya na ja ƙanwar mijina gefe, da yake muna wasa da ita. Na ce, "Ki duba idon yaron can na ɗakin Inna."

Ta tuntsire da dariya. "Matarmu, ashe leƙensa kike yi! Bari in gaya wa duniya."

Ta dai faɗa wa Inna. Inna ta duba shi a cikin ɗaki, inda babu haske, ta ce, "Idon angona garau yake. In ma akwai wani abu, hakiya ce." Aka yi ta sa masa kwalli, aka ɗiga nono, aka wanke da rubutu. Wani mai magani daga ƙetare ya kawo garin da ake busawa a ido.

Da aka yi shuka idon ya yi ja, ya kumbura. Ina jin kukansa ta bayan danga ina ci gaba da daka. Mijina ya samo mana wuri a bayan wata babbar mota mai zuwa Katsina. Inna ce ta goya shi, ni na riƙe ƙunshin kaya.

A asibitin Katsina likitan Bature ne, da tafinta a gefensa. Ya haska idon ya daɗe yana dubawa. Tafinta ya ce, "Wace ce uwarsa?"

Inna ta ce, "Ni ce."

"Tun yaushe ya fara?"

"Tun shuka."

Ina bayansu, kaina a ƙasa, na ce, "Tun bazara."

Tafinta ya ce ciwon daji ne ke girma a cikin idon. In aka cire idon yanzu, mai yiwuwa yaron ya rayu. In aka bari, zai bi jijiya ya shiga kai.

Inna ta miƙe tsaye. "A ƙwaƙule mi? Allah ya ba shi biyu, ku ku rage ɗaya? Hakiyar ce za a yi wa wuƙa?"

Mijina ya dubi uwarsa. Tafintan ya gane ko ni wace ce, ya juyo ya ce, "Baiwar Allah, ke fa mi kika ce?"

Amsa ɗaya aka koya mini game da ɗan fari. Na ce, "Nasu ne."

Muka dawo gida.

Kafin a yanke gero idon ya fito waje kamar gauta. Ana rufe shi da tsumma saboda ƙudaje. Ya daina tafiya, ya daina cin fura. Inna da kanta ta ce a koma, su cire, su cire duk abin da suke so. Ta rame ita ma.

Wannan karon likitan bai daɗe ba. Ya shafa kan yaron, ya ba da maganin rage zafi. Tafinta ya ce, a hankali, mu kai shi gida ya kasance cikin danginsa. Muka hau mota muka komo Jibiya.

Washegari da safe ban ɗora tukunya ba. Matan gida suna tsakar gida, mijina yana bakin zaure. Na ratsa su na shiga ɗakin Inna, na ɗauke shi daga tabarma. Ba shi da nauyi. Na fito da shi waje na zauna a kan turmi, na ɗora shi a cinyata, na juyo da idonsa mai gani wajen fuskata. Na kira sunansa. Bai amsa ba, don bai san sunan a bakina ba. Na sake kira. Inna ta kwance zanen goyonta ta miƙo mini.